Ranar Da Na Bar Inna A Sama

Jama'a, wannan labari ba a bakin wani na ji shi ba, da ni ya faru, a cikin garin Sakkwato, yau shekara bakwai ko takwas ke nan, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi, to ragewa na yi. A lokacin ina da ɗan shago a Tudun Wada inda nake gyaran kwamfuta da sa wa mutane manhaja, gidanmu kuma yana Ƙofar Rini, daga ni sai mahaifiyata da muke kira Inna, sai yayata Asabe da ke aure a Minanata amma kusan kullum tana gidanmu. Ni ne auta, kuma da sunan kowa yake kirana har yau da furfura ta fara leƙo mini.

Tun ina ƙarami ba ni da buri sai na tuƙin jirgin sama, amma Allah bai nufa ba, karatun ba na ɗan talaka ba ne. To da na samu sana'ar kwamfuta sai na huce haushina a kan wata manhaja da ake koyon tuƙin jirgi da ita a gida. Ga wanda bai san ta ba, za ka zauna ne gaban allon kwamfuta ka ga kanka a kujerar matuƙi, ga agogunan jirgi birjik a gabanka, wannan na nuna gudu, wancan na nuna nisanka da ƙasa, wani na nuna mai, kana riƙe da wata 'yar sanda da ake jonawa da kwamfutar, in ka ja ta baya jirgi ya ɗaga kai, in ka tura gaba ya sunkuya. Tawa sandar ta hannu ce na saya, roba ce zalla da ɗan sifirin a ciki, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da ita tsakiya, ku riƙe wannan domin zan dawo kansa. Na iya tashi, na iya shawagi, na san aikin kowane agogo, amma sauka ta gagare ni. In na gwada sau goma, da ƙyar in sauka lafiya sau biyu, sauran duk sai na dasa hancin jirgin a ƙasa ko na wuce titi na faɗa daji. Da abin ya ishe ni sai na koyi wata muguwar ɗabi'a: in na gaji da yawo a sama kawai sai in kashe kwamfutar in tashi abina. Wa zai tambaye ni? Wasa ne.

A shekarar ne babban wanmu ya biya wa Inna kujerar Hajji. Murna a gidanmu ba a magana, amma da lokacin tashi ya matso sai Inna ta tubure, ta ce ita fa ba za ta shiga jirgi ba. Mace ce da ko babur ba ta hawa sai dole, tafiyarta mafi nisa a duniya Gusau ce. Aka yi lallashi, aka kawo malami ya yi nasiha, ta ce duk ta ji.

"Ni dai ba ni shiga abin ga," in ji ta. "Ƙarhe na hwa, ba shi da rai. In ya gaji can bisa, ina za shi tsayawa shi huta?"

Sai ni mai wayo na ce na samo dabara. Na ce Inna ai tsoron abin da ba ki sani ba kike yi, bari in kawo miki jirgin har gida ki ga yadda yake. Wata ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara irin namu na Sakkwato wanda ko ƙadangare ba ya son fita, na ɗauko kwamfutar shago, babba ce mai akwati wadda ba ta aiki sai da wuta, na kafa ta a falo, na jona lasifika, na ajiye kujerar roba a bayana kaɗan ta hagu, na ce ga kujerar fasinja.

Abin da Inna ta yi ya ba mu dariya ni da Asabe, kuma har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kunya ta kama ni. Tashi ta yi ta ɗauro alwala, ta sa hijabinta na fita unguwa, ta sa takalmi, ta dubi Asabe ta ce, "Ki yahe mani abin da niy yi maki." Asabe ta ce haba Inna, talabijin ce fa kawai za ki kalla. Inna ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta san tafiyar wasa ba, duk wanda zai bar ƙasa sai ya nemi gafara. Sannan ta juyo kaina.

"Auta, ka rubuta sunana? An ce sai an kira sunan mutum kahin shi shiga."

Don in faranta mata na buɗe wurin da ake sa wa tafiya suna, na rubuta cikakken sunanta da na mahaifinta, na karanta mata da ƙarfi kamar mai shela. Ta amsa da na'am, ta sa ƙafar dama, ta zauna, ta karanta addu'ar hawa abin hawa tun daga farko har ƙarshe. Ni ko bisimilla ban yi ba.

Ƙaramin jirgi na zaɓa mai kujera huɗu da farfela ɗaya, shi na fi sabawa da shi, na cika masa tanki, na ɗora mu a titin filin jirgin Sakkwato. Da na ba shi wuta ya fara gudu sai na ji Inna ta kama bayan rigata, da ƙasa ta fara nisa ta ce la'ilaha illallahu, amma ba ta rufe ido ba. Can sai ga gari a ƙarƙashinmu, ga gulbi yana walƙiya, ga fadamu kore shar. Na ɗan karkata fiffike na saita jirgin ya riƙa tuƙa kansa yana kewaya gari a hankali, don ta samu ta more kallo. Wallahi har ta fara sakin jiki, tana tambayata ina Ƙofar Rini, ina kasuwa, wai ko za a hango rufin gidanmu. Ina cikin nuna mata da yatsa, ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan, sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya. Na yi tsaki, na miƙe ina miƙa, daidai lokacin kuma wani da ya kawo gyara ya kira ni a waya yana faɗa wai tun ɗazu yake tsaye a ƙofar shago. Inna ta ce, "To sabke ni mana." Na ce Inna ai an ɗauke wuta, wasa ya ƙare, tashi kawai za ki yi. Ta dube ni wani iri, ta ce, "A bisa za ka bar ni?" Na yi dariya, na ce in an kawo wuta ma ƙarasa, na zari makullin babur na fita. Wannan fitar ita ce wautar da ta fi kowace girma a rayuwata.

Na shiga aiki na manta da zancen sam. Sai bayan azahar, wajen ƙarfe uku, waya ta yi ƙara, na ga Asabe ce, kuma tun daga sallamarta na san ba lafiya.

"Auta, taho gida yanzun ga. Inna ta ƙi tashi bisa kujerar nan tun da kat tahi. Ko sallah a zaune tay yi ta. Ni ban san mi as same ta ba."

Ban san yadda na iso Ƙofar Rini ba. Na tarar Asabe da wata maƙwabciyarmu sun ɗauke ta da kujerar gaba ɗaya sun kai ta ɗakinta, domin ta ƙi sakin hannun kujerar, ta riƙe gam har jijiyoyin hannunta sun fito. Idonta a rufe. A cikin wannan zafin da bango ma in ka taɓa sai ya ƙona ka, Inna rawar sanyi take, an lulluɓa mata bargo biyu. Na taɓa ƙafarta na ji ta kamar an ciro daga randa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ta ɗage ƙafafun sama kaɗan, ba ta yarda su taɓa ƙasa, in Asabe ta danna su sai ta ce wayyo babu komai a wurin. Na durƙusa na ce Inna, ni ne. Ta ce in ɗaga murya, kunnuwanta sun toshe, kuma ƙugin nan ya hana ta ji. Babu wani ƙugi a ɗakin, ko fanka ba ta juyawa. Kuma ni dai ban taɓa gaya mata kunne yana toshewa a jirgi ba, ban taɓa ce mata akwai sanyi a sama ba.

"Auta," ta ce a hankali, "mun daɗe muna kewaya. Na gaji. Yaushe za mu sabka?"

Asabe na cewa a nemo mota a tafi asibiti, ni kuma ban san abin da ya tura ni ba, na ruga gidan Malam Buba mai niƙa da ke jikin gidanmu, na roƙe shi aron ƙaramin janaretansa. Ya ce man da ke ciki ba shi da yawa fa, na ce ko na minti goma ne. Muka jawo waya ta taga, ya ja igiya, na danna kwamfuta.

Ku da kuka san kwamfuta kun san in wuta ta ɗauke mata, in ta dawo daga farko take farawa, sai ka nemo manhajar da kanka, ka buɗe, ka sake zaɓen jirgi. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, allon nan yana haskawa sai ga ni a cikin jirgi. Jirgin nan dai, fiffike a karkace, yana kewaya Sakkwato yadda na bar shi. Sai dai ranar da na bari a gabas ta koma yamma, agogon jirgin yana nuna uku da rabi daidai da na hannuna, kuma allurar mai, wadda na bari a cike, ta kwanta a kan ja.

Na ce a raina bari in tsayar da shi in yi tunani, akwai maɓallin da in ka danna komai yake daskarewa. Na danna. Farfela ta tsaya cak a allo, ƙugi ya ɗauke. Ban kai ga sauke numfashi ba sai na ji ihun Asabe daga ɗaki: "Inna! Inna! Wayyo Allah, ta bar numfashi!" Na sake dannawa da sauri har na kusa fasa maɓallin. Ƙugi ya dawo, na ji Inna ta ja wani dogon numfashi mai ƙara kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Tsakanin falo da ɗakinta akwai tsakar gida da bango biyu, ba ta ganin allon, Asabe ma ba ta san na taɓa komai ba.

Daga nan na san inda nake. Ba damar tsayarwa, ba damar kashewa, sake farawa kuwa ko tunaninsa ban yarda na yi ba. Hanya ɗaya ce, in sauke jirgin nan lafiya, ni da na fi kowa sanin yadda saukata take ƙarewa. Na tuna duk lokutan da na dasa shi a ƙasa ina dariya ina cewa kash, a sake. Yau babu a sake, uwata ce a baya. Gumi ya jiƙe ni har cikin ido, na yi bisimillar da ban yi da safe ba, na karɓi tuƙi daga hannun jirgin, na juya hancinsa kudu wajen fili. Ina karkatawa na ji maƙwabciyar nan tana cewa ku riƙe ta, tana zamewa gefe.

Zuwan farko na zo da tsayi da yawa. Tsoron ƙasa ya hana ni sunkuyar da shi, sai ga titi yana wucewa a ƙarƙashina, rabinsa ya tafi ban ko kusa taɓawa ba. Dole na ƙara wuta na sake hawa, kuma a wannan hawan ne wata jar fitila ta kama a gabana, injin ya yi tari sau ɗaya. A waje kuma janaretan Malam Buba shi ma ya fara sama da ƙasa da murya, ina jin Malam Buba yana jijjiga shi yana cewa, "Yi sauri dai ɗan nan, abin ga na shirin mutuwa!" Ya Rabbi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan kewayen ba, ba abin da nake iya karantawa sai hasbunallahu, shi ma rabi-rabi.

Zuwa na biyu sai na yi kuskuren da na saba, don gudun na farko. Na sunkuyar da kai da yawa, gudu ya yi yawa, titi ya taso mini kamar bango. Na san wannan hoton, na gan shi ya fi sau ɗari, daga shi sai ƙarar fashewa. Ƙwaƙwalwata tana cewa ja baya, hannuna ya ƙi, ya sandare a kan sandar kamar ba nawa ba. Injin ya yi tari na biyu ya mutu.

To a nan ne abin ya faru, kuma nan ne mutane suke fara kallona in ina ba da labarin. Sandar ta ja kanta baya. Ba fizga ba, a hankali, da nauyi, kamar yadda babba yake ɗora hannunsa a kan naka in yana koya maka rubutu. Na ji ta tana tura tafin hannuna, ta ɗan koma dama, ta daidaita, ta tsaya. Na gaya muku roba ce da sifirin, daga baya har kwance ta na yi da sukudireba, babu wani inji a cikinta da zai motsa ta. Hancin jirgi ya ɗago, gudu ya ragu, tayoyi suka bugi ƙasa da ƙarfi, ya yi tsalle ɗaya, ya sake dira, ya gangara har ya tsaya a tsakiyar titi. Ban ƙirga uku ba janareta ya mutu, allo ya yi baƙi.

Gidan ya yi tsit. Na kasa tashi, domin wallahi tsoron abin da zan tarar a ɗakin nake yi. Sai na ji muryar Inna, tar, irin ta kullum:

"Alhamdu lillahi. Asabe, kwashe bargunan ga, zahi zai kashe ni. Ba ni ruwa."

Na shiga da rarrafe. Ta sauke ƙafafunta a ƙasa, gumi yana keto mata, ta shanye kofi biyu, sannan ta harare ni ta ce tuƙina ba daɗi, na buga ta da ƙasa har ƙugunta ya amsa. Ni kuwa na kifa kaina a gwiwarta na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifinmu, ina cewa ta yafe mini. Ta ce ai ta yafe tun kafin a tashi.

Washegari mun kai ta asibiti, aka auna, aka ce jininta ya ɗan hau, wataƙila firgita ce da zafi. Wani abokin sana'ata ya ce ai wasu manhajojin suna ajiye inda ka tsaya da kansu. Na ce na ji, to wa ya ƙone man awa huɗu da rabi a kwamfutar da ba ta da wuta? Sai ya ce in daina irin wannan maganar.

Abin mamaki, tsoron jirgi ya bar Inna. Ta ce wadda ta wuni a sama da tuƙin Auta me kuma ya rage ta ji tsoro. Ta tafi Hajjinta lafiya ta dawo lafiya, har da tsarabar hula ta kawo mini. Ina zaune a gabanta ina gwada hular, tana ba Asabe labarin babban jirgi da yadda ya sauka kamar an ajiye ƙwai, sai ta juyo kamar ta tuna wani ƙaramin abu.

"Af, Auta, na daɗe ina son in tambaye ka. Ka yi ma mutumen nan godiya kuwa?"

Na ce wane mutum, Inna?

"Wanda az zamne damanka, kujerar gaba. Tun da kat tahi kab bar mu shi ar riƙe da abin. Da za mu sabka na ga ya aza hannunai bisa naka."

Na ce Inna, ni kaɗai ne a falon. Ta ce ita ba falo take magana ba. Na tambaye ta kamanninsa, ta ce ƙeyarsa kawai ta gani, bai juyo ba ko sau ɗaya, bai kuma ce uffan ba. Na ce to da muka sauka ina ya yi? Ta ɗan yi tunani, ta ce, "Ai shi bai hita ba. Mu dai munka sabka."

Kwamfutar nan tana nan a ƙarƙashin tebur a shagona, na lulluɓe ta da buhu, ban sake kunna ta ba kuma ban sayar ba, domin ban san abin da zan sayar wa mutum ba. Ban ce aljani ba ne, ban ce mala'ika ba ne, ban ce komai ba, Allah shi ne masani. Inna ta rasu shekara uku da suka wuce, a kan gadonta, ƙafarta a ƙasa, Allah ya jiƙanta.

Ban hana kowa wannan manhaja ba, abar koyo ce mai kyau, ni ma na koma yi a wata kwamfutar, kuma sai da na yi wata shida ba abin da nake koyo sai sauka. Amma don Allah in za ku tashi ku yi bisimilla, kada ku rubuta sunan wani mai rai a ciki don wasa, kuma komai saurin da kuke yi, ko wa ke kiranku a waya, ku sauke jirgin ku kashe injin kafin ku bar kujerar. Ni har yau in zan fara, sai na dubi kujerar dama na yi sallama.